Yadda Ake Killace Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa Domin Ɗaukar Waƙa a Gida

Duk wanda ya taɓa leƙa ƙananan situdiyoyin unguwa ya ga bangon da aka lulluɓe da soso ko kiret ɗin ƙwai, mai ɗakin kuma ya sakankance cewa ya gama da maganar ƙara. Sai dare ya tsala, a kunna kiɗa, mutanen gida su kasa barci, ko kuma ana tsaka da ɗaukar murya kukan janaretan maƙwabta ya faɗa cikin makirufo. Abin da ya jawo haka shi ne an haɗa ayyuka biyu da ba su da hanya ɗaya. Aiki na farko shi ne hana sauti fita daga ɗaki ko shiga cikinsa, wannan kuwa aikin gini ne da ke buƙatar nauyi da rabuwa da toshe kafa. Na biyu shi ne gyara yadda sauti ke kai-komo a cikin ɗakin don a rage amsa-kuwwa, nan ne kaɗai abubuwa masu laushi suke da amfani. Wanda ya fara da na biyu zai kashe kuɗinsa ya samu ɗaki mai kyan gani, amma ƙarar tana nan inda take.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba kasafai ake gina shi a garuruwanmu ba, sai a gidajen da suka zauna a gangaren tudu kamar wasu na Abuja da Jos, da kuma gidajen Amurka da Kanada inda kusan abu ne na yau da kullum. Wanda ya same shi ya samu rabin aiki a gama, domin ƙasar da ta rungume bangon da daɓen ta fi duk wani abin da za a saya a kasuwa nauyi. Saura wurare uku da sauti ke sulalewa ta cikinsu: rufi, ƙofa da matakalarta, sai hanyoyin iska da bututu. A kansu ya kamata mafi yawan kuɗi ya tafi. Mai ɗaki a saman ƙasa ma zai amfana da bayanin, sai dai shi duk bangayensa huɗu suna jiran aiki.

Matakin farko: a san yawan ƙarar da ake faɗa da ita

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum takan kai wajen 60, ɗakin barci mai shiru da dare wajen 30, mawaƙi mai ɗaga murya 80 zuwa 90, gangunan bature kuwa sukan haura 100 har su doshi 110. Ƙarin desibel 10 kunne yakan ji shi kamar ƙara ta ninka. Lissafin saboda haka mai sauƙi ne: idan kiɗan da ke ɗakin 85 ne, ana kuma son na sama kada ya ji fiye da 35, ana neman ginin da zai cinye 50. Wannan abu ne mai yiwuwa a gida. Mai buga ganga da tsakar dare wanda ke neman ragin 75 kuwa, gara ya san tun yanzu cewa wannan ya fi ƙarfin aikin kafinta, kuma sauya lokacin kiɗa zai fi masa arha.

A sauke manhajar auna sauti a waya, a ajiye lasifika a tsakiyar ɗakin, a kunna kiɗa mai kauri da irin ƙarfin da za a riƙa aiki da shi. Daga nan a zagaya gidan ana rubuta lambar da aka gani a falo, da ɗakin barci, da bakin matakala, da jikin katangar maƙwabta. Waya ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma ta isa a kwatanta kafin aiki da bayansa, muddin waya ɗaya da waƙa ɗaya aka yi amfani da su. A kuma ɗora tafin hannu a kan bango da ginshiƙi da bututun ruwa yayin da kiɗan ke tashi. Inda hannu ya ji jijjiga, to ta nan sauti ke bin jikin gini, kuma yana gudu a cikin kankare kusan ninki goma na gudunsa a iska, shi ya sa wani lokaci ɗakin da ke can ƙurya a hawa na biyu yakan fi falon da ke saman situdiyon jin bugun ganga. Sai a juya gwajin: a zauna shiru a ɗakin da hedifon da makirufo a kunne, a sa wani ya yi tafiya a sama, ya ja kujera, ya buɗe famfo.

Mataki na biyu: ruwa da laima

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke rushe aikin gaba ɗaya. Duk abin da za a gina zai rufe bangon asali, idan kuwa akwai danshi a bayansa, funfuna za ta cinye katako da allo ba tare da an gani ba, sai wari ya tona asiri. A yanki farar leda mai faɗin kamar rabin mita kowane gefe, a manna ta a daɓe da salatif a toshe bakinta duka, a yi haka a bango ma, a bar ta kwana biyu. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a ƙarƙashinta ko simintin ya yi duhu, ruwa yana tasowa daga ƙasa. A ƙasashenmu gwajin da aka yi a watan Janairu ba shi da wata daraja, a jira tsakiyar damina, wajen Agusta, lokacin da ƙasa ta ƙoshi.

Maganin yakan fara daga waje: a gyara indararo ya zubar da ruwa nesa da gini, a cike gindin bango yadda ƙasa za ta gangara waje, a like tsagewa, sannan a shafa sinadarin hana ruwa a ciki. Laimar iskar ɗakin ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, domin fiye da haka na lalata makirufo da allon kwamfuta, ƙasa da haka kuma, kamar a tsakiyar hunturu, fatar kalangu da katakon jita ne ke shan wahala. Akwai kuma iskar radon da ke fitowa daga ƙasa, musamman mai duwatsun giranit, wadda ba ta da wari ko launi, tana taruwa a ɗakunan ƙasa, kuma tana cikin manyan sabubban kansar huhu bayan taba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ta wuce bekerel 100, wato ma'aunin yawan radon, a kowace mita kubik ta iska. Inda ake samun kayan gwajinta, a gwada kafin a like ɗakin.

Abin da ke tare sauti

Kafin a taɓa guduma, yana da kyau a fahimci dalilin kowane abu, don kada mai shago ya yi wa mutum daɗin baki. Abu na farko nauyi ne. Sauti yana ratsa bango ne ta hanyar girgiza shi, bango mai nauyi kuwa yana da wuyar girgizawa, abin da duk wanda ya kwana a tsohon soron ƙasa mai kaurin bango ya sani ko ba a faɗa masa ba. Amma ribar nauyi tana zuwa da tsada: duk ninka nauyin bango sau biyu ragin desibel 5 zuwa 6 kawai yake ƙarawa. Rufin kankare mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kilo 360 a kowace murabba'in mita, allon jifsam mai kaurin milimita 12.5 kuwa wajen kilo 9 ne. Ke nan wanda ya manna allo kai tsaye a jikin kankare bai ƙara komai ba, balle soso da bai kai kilo ɗaya ba.

Abu na biyu, wanda shi ne sirrin aikin, rabuwa ce. Idan aka gina fuska ta biyu wadda ba ta taɓa ta farko, da iska a tsakaninsu, jijjiga ba ta samun gadar tsallakawa, ragin da ake samu kuma yakan zarce na nauyi nesa ba kusa ba. Sai dai iskar da ke tsakani tana aiki kamar sifirin, akwai kuma wani sauti mai kauri da fuskokin biyu ke amsawa tare, a daidai nan bangon ya fi rauni. Allo ɗaya da tazarar santimita 2.5 daga kankare yana amsawa a wajen haz 125 (haz shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri), wato tsakiyar bugun ganga da bes, sautin kiɗa mafi kauri, don haka yana iya ƙara lalata lamarin. Allo biyu da tazarar santimita 10 suna saukar da wurin zuwa wajen haz 45, idan kuma aka cika tazarar da audugar dutse, irin ta Rockwool, ya ƙara sauka. Daga nan ake gane cewa tazara mai faɗi da allo mai nauyi su ake nema. Fuska biyu kawai ake so. Wanda ya sa ta uku a tsakiya ya raba iskar gida biyu ƙanana, ya biya kuɗi ya rage wa kansa inganci. Saboda haka idan akwai tsohon silin na fi'ofi ko na allo, a cire shi kafin a rataya sabo.

Na uku toshe kafa ne, kuma lissafinsa yana da ban tsoro. Idan kashi 1 cikin ɗari na fuskar bango a buɗe yake, ragin ba zai wuce desibel 20 ba ko da sauran bangon ƙarfe ne. Duk inda iska za ta wuce, sauti zai bi ta.

Masu sayar da kaya sukan nuna lambar STC ta Amurka ko Rw ta Turai, wadda ke nuna yawan sautin da kaya ke tarewa. Lambobin suna da amfani wajen kwatanta kaya, amma ma'aunin STC daga haz 125 zuwa 4,000 yake dubawa, bai san da bes ba, alhali bes ne ke hana mutane barci.

Mataki na uku: rufi

A nan ne babban aikin yake. Da farko a auna tsayin ɗakin, domin sabon silin zai ci santimita 10 zuwa 15, kuma bai kamata abin da ya rage ya gaza mita 2.1 ba. A kuma nemi injiniyan gini ya duba, saboda allo biyu a ɗaki mai mita 3 da 4 sun haura kilo 200, ban da ƙarafan da za su riƙe su.

A gidajen Amurka da Ingila rufin ɗakin ƙasa yawanci katako ne: dogayen katakai a jere, daɓen sama a kansu. Irin wannan rufi mara nauyi ne, yana buƙatar komai. A fara da like duk wata kafa da ke jikin daɓen sama, a cusa audugar dutse tsakanin katakan ba tare da an danne ta ba, domin dannanniyar auduga gada ce. A gidajenmu kuwa rufin kankare ne, yana tare murya da kiɗa sosai, amma yana ɗauko takun ƙafa da jan kujera da dakan turmi kamar a kan mutum ake yi. Ga wannan, shimfiɗa kafet mai kauri da roba a ƙarƙashinsa a ɗakin sama yakan yi abin da aikin dubban kuɗi daga ƙasa ba zai yi ba, kuma da shi ya kamata a fara.

A duka biyun, hanyar rataya sabon silin ɗaya ce. Ana kafa maƙalai masu roba a jikin rufin, tazarar kamar santimita 120 tsakaninsu, a saƙala siraran ƙarafa a cikinsu a jere da tazarar santimita 40 zuwa 60 gwargwadon nauyin allon, sannan a ɗaure allon a jikin ƙarafan kaɗai. Kuskuren da aka fi yi a nan ƙarami ne a ido: kafinta ya ɗauki dogon sukuru ya ratsa allo da ƙarfe ya kama katakon sama. Kaɗan daga irin wannan sun isa su mayar da aikin baya, don haka mai ɗaki ya tsaya a wurin ranar, ya ƙirga tsayin sukurun da hannunsa, ya kwashe dogayen ya ɓoye. A bar tazarar milimita 5 tsakanin bakin allo da bango a zagaye, a cike ta da gam mai laushi wanda ba ya ƙanƙarewa. A ɗora allo na biyu yadda mahaɗarsa ba za ta faɗa kan ta farko ba. Wanda ya samu sinadarin kashe jijjiga irin Green Glue ya matsa shi tsakanin allunan biyu, kwalba biyu ga kowane allo mai mita 1.2 da 2.4, ya kuma yi haƙuri, domin yakan ɗauki kimanin kwana 30 kafin ya kai cikakken aikinsa.

Idan ɗakin yana da tsayi da faɗi, hanyar da ta fi kowace ita ce gina ɗaki a cikin ɗaki, wato sababbin bangaye su ɗauki sabon silin da kansu, babu abin da ya taɓa tsohon gini sai daɓe. Fitilun da ake huda silin a binne su ba su da wuri a nan, a yi amfani da waɗanda ake ɗaurawa a fuska.

Mataki na huɗu: bango da daɓe

Bangon da ƙasa ke bayansa ba ya fitar da sauti waje, amma yana iya ɗaukar jijjiga ya hau da ita sama, don haka mai kiɗa mai ƙarfi sai ya rufe shi shi ma. A kafa firam na ƙarfe ko busasshen katako a gabansa, aƙalla santimita 2.5 tsakanin firam da bango yadda jimillar tazarar za ta kai 10, a sa roba a ƙarƙashin firam ɗin, a cika da auduga, a rufe da allo biyu. Mai ɗaukar murya da jita kaɗai yana iya barin waɗannan bangaye ya mai da hankali kan wanda ya raba shi da matakala. Idan bangon bulo ne, a yi masa filasta ciki da waje, domin bulo tsirara yana da ƙananan kafofi da iska ke ratsawa. Bulo mai inci 9 da aka yi wa filasta yakan rage wajen desibel 45 zuwa 50, idan kuma sabon gini ne, a cika ramukansa da yashi ko kankare tun ana ɗorawa.

Daɓe ba ya buƙatar dogon bayani. Kankaren da ke kwance a kan ƙasa ya wadatar, daɓe mai shawagi kuma, wato wanda aka ɗora a kan roba don kada ya taɓa na asali, idan aka yi shi ba bisa lissafi ba yakan zama wata gangar. Mai ganguna ya yi musu dandamali na filawud biyu a kan roba mai kauri, lasifikoki kuma a ɗora su a kan matashi na roba, kada su zauna kai tsaye a tebur.

Mataki na biyar: ƙofa da taga

A shiga ɗakin a kashe fitila, a sa wani ya haska tocila a zagayen ƙofar daga waje. Duk zaren hasken da aka gani hanyar sauti ce. Ƙofa mai santimita 90 da mita 2 wadda ke da tazarar santimita 1 a ƙasanta ta bar rabin kashi ɗaya cikin ɗari a buɗe, wannan kaɗai ya tsayar da raginta a wajen desibel 23 ko da wane irin katako aka yi ta. Ƙofar da cikinta fanko ne a cire ta, a sa ta katako cikakke, a ƙara mata nauyi da allon MDF, a sa mata hinji uku ko huɗu masu ƙarfi. A zagaye firam ɗin da robar da ke matsewa idan an rufe, irin ta ƙofar firji ko ta mota, a yi dokin ƙofa a ƙasa wanda ita ma robar za ta dafe shi. A gwada da takarda: a rufe ƙofar a kanta a ja, idan ta zare ba gardama, wurin bai matse ba. Tazarar da ke tsakanin firam da bango, wadda kafintoci ke rufewa da siririn katako don ado, a cika ta da auduga da gam kafin a rufe.

Ƙofa biyu da ɗan soro a tsakaninsu sun fi ƙofa ɗaya komai tsadarta, ɗakin ƙasa kuma yana da sa'a a nan, domin ana iya sa ɗaya a saman matakala ɗaya a ƙasanta. Ƙaramar tagar da ke kusa da rufi a ƙara mata gilashi na biyu daga ciki, kaurinsa ya bambanta da na farko, misali milimita 6 da 10, da tazarar santimita 10 ko fiye. Amma tagar da ita ce mafita ta biyu idan gobara ta tashi, kada a toshe ta da abin da ba ya buɗuwa da hannu ɗaya.

Mataki na shida: iska da lantarki

Ɗakin da aka like da kyau ya zama tulu mai murfi. A ɗaki mai mita 3 da 4 da tsayin 2.4, mutum uku za su tura iskar kabon dayoksaid daga wajen 420 cikin miliyan zuwa sama da 2,000 a cikin awa guda, alhali ana so ta tsaya ƙasa da 1,000. Alamarta hamma da nauyin kai, mawaƙi ya riƙa manta baitin da ya rubuta da kansa. Esi mai rabe biyu yana sanyaya iskar ɗakin ne yana juya ta, ba ya kawo sabuwa. Ana buƙatar hanya biyu, ta shiga da ta fita, da kimanin lita 10 na sabuwar iska a daƙiƙa ga kowane mutum.

Don kada hanyoyin su zama ƙofar sauti, ana gina wa kowace akwati na katako mai nauyi, a raba cikinsa da alluna yadda iska za ta yi kwana uku ko huɗu kafin ta fita, a lulluɓe cikin da abin tsotse sauti wanda ba ya zubar da ɓurɓushi. Fankar da ke tura iskar ta zauna a wajen ɗaki. Bututun kuma ya zama mai faɗi: lita 30 a daƙiƙa a bututun santimita 10 tana gudun kusan mita 4 a daƙiƙa tana huci, a na santimita 15 kuwa ba ta kai mita 2 ba, makirufo ba zai ji ta ba. Bakin shigar iskar ya yi nesa da janareta aƙalla mita 6, kuma kada a taɓa ajiye janareta a ɗakin ƙasa ko a matakalarsa, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba. Wanda ke da hali ya ɗauki waƙa a kan inbata da batir, ya huta da ƙara da hayaƙi a lokaci guda.

Wayoyin wuta su shigo ta huda ɗaya da za a like, a bi da su ta bututu a fuskar bango, soket ma a fuska, kada a huda allon da aka sha wahalar ɗorawa. Gurnanin da ake ji a lasifika mai haz 50 a Najeriya da Nijar, ko 60 a Amurka, daga wutar yake: a haɗa duk kayan sauti a layi ɗaya, a yi amfani da wayoyi masu baki uku irin XLR, a guji makunnin rage hasken fitila. Cire ƙafar as, wato ta ukun da ke sauke wuta ƙasa, daga fulogi yakan kashe gurnanin, amma yana mai da makirufon da ke bakin mawaƙi abin da zai iya jan sa, don haka ba magani ba ne.

Mataki na bakwai: gyaran sautin cikin ɗaki

Yanzu ne lokacin abubuwa masu laushi, kuma za a tarar ɗakin ya fi da amsa-kuwwa, tunda sautin da ke tserewa a baya ya rasa hanya. Wallace Sabine na jami'ar Harvard ne ya fara auna wannan a 1895, lokacin da aka ba shi gyaran wani ɗakin lacca da ba a jin magana a cikinsa, ya riƙa kwaso matasan kujeru yana ƙirga daƙiƙun da sauti ke ɗauka kafin ya mutu. A ƙaramin ɗakin ɗaukar waƙa ana son wannan lokaci ya kasance tsakanin daƙiƙa 0.2 da 0.4.

Kaurin abin tsotsewa shi ke yanke irin sautin da zai kama. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka igiyar haz 1,000 tsawonta santimita 34 ne, ta haz 100 kuwa mita 3.4. Soso mai santimita 5 siraran sautuka kawai yake kamawa, ya bar masu kauri suna gurnani, sai ɗakin ya zama kamar ana waƙa a cikin akwati. Ga kuma haɗarinsa: soson da aka manna a bango da rufi ne ya rura gobarar gidan rawa na Station a jihar Rhode Island ta Amurka a 2003, inda mutum 100 suka mutu, haka ma ta gidan rawa na Kiss a Santa Maria ta Barazil a 2013, wadda ta ci rai 242. A ɗakin da matakala ɗaya ce mafitarsa, katifa da soson kujera ba su da gurbi a bango. Audugar dutse ba ta cin wuta.

Kafinta zai iya haɗa allunan da kansa: firam mai santimita 60 da 120, zurfin 10, a cika da auduga mai nauyin kilo 45 zuwa 60 a mita kubik, a rufe da yadi. A kara yadin a baki a hura, idan iska ta wuce cikin sauƙi ya yi, idan ta dawo a nemi wani. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi, domin ɓurɓushin yana ƙaiƙayi. A fara da kusurwoyi, inda bes ke taruwa, a gicciye su da alluna masu kauri daga ƙasa har sama. Kowane ɗaki yana da sautukan da yake kumburawa, ana gano na farko ta raba 172 da tsawon ɗakin: mita 4 ya ba da haz 43, mita 3 ya ba da 57, tsayin 2.4 ya ba da 72. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne ya fi wahalar gyara, saboda kumburin yana haɗuwa wuri guda, don haka mai gina sabon bango yana iya gusar da shi kaɗan ya kauce wa wannan.

Teburin aiki ya fuskanci gajeren bango, mazaunin ya kasance a wajen kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin daga gaba, kada ya faɗa tsakiya. Lasifikoki biyu da kan mai sauraro su yi kusurwa uku masu tazara ɗaya. A zauna a kujerar, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe, duk inda aka hango lasifika a madubin a rataya allo, a yi haka a ɗaya gefen da kuma silin. Barin tazarar santimita 5 zuwa 10 a bayan allo yana sa ya kama sauti mai kauri ba tare da ƙarin kuɗi ba. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na fuskar bango ya isa, domin ɗakin da aka rufe ko'ina yana kashe kalangu da kuntigi, yana kuma gajiyar da mai waƙa.

Bayan an gama, a koma wuraren da aka auna tun farko da waya ɗaya da waƙa ɗaya, a rubuta sababbin lambobi a gefen tsofaffi. Inda ragin bai kai ba, a ɗauki guntun tiyo a kara baki ɗaya a kunne, a bi da ɗayan ta gefen ƙofa da mahaɗar silin da inda bututu ya ratsa, wurin da ke yoyo zai bayyana kansa. Cikin ɗakin kuma ana iya auna shi da manhajar REW, wadda kyauta ce, da makirufon awo, a riƙa gusar da kujera da lasifika santimita 10 a kowane gwaji har a samu inda bes ya fi daidaita. Ƙarfin lasifika a lokacin aiki kada ya wuce desibel 85, wanda shi ne iyakar awa 8 a rana, duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba wannan lokaci biyu. Robar ƙofa takan saki bayan an sha buɗewa da rufewa, a sake yi mata gwajin takarda a ƙarshen kowane hunturu.